Telan da Ya Ƙi Sauka Tagulla

Akwai wani mutum, tela, yana da ƙane guda ɗaya. Ƙanen nan birkila ne. Wata rana yana aiki a kan bene sai katako ya karye da shi, ya faɗo, ƙafafunsa kuwa ba su ƙara ɗaukarsa ba. Aka kwantar da shi a ɗakin mahaifiyarsu. Da fari 'yan dubiya suna ta zuwa, zumuntar mata da kwanukansu, mawaƙan coci da waƙoƙinsu. Da aka yi wata uku sai ƙafa ta ɗauke, yadda takan ɗauke, ni da ku mun sani. Saurayin ya daina magana. In an kawo tuwo ya yi loma biyu ya juya fuska ga bango. Abin da uwar take tsoro ke nan, kada ɗanta ya mutu a zuci tun yana numfashi.

Telan nan kuwa gwani ne a wani wasa da ake bugawa a waya ta intanet. Kada ku sunkuyar da kai, matasa, na san kun san irinsa, wasunku ma yana cikin aljihunsu yanzu haka. Saboda iyayenmu da ke zaune a baya, bari in bayyana. Mutum huɗu ne suke haɗuwa su kara da wasu huɗu, suna jin muryar juna. Na'urar wasan ce take zaɓa maka abokai, kana iya faɗawa hannun mutumin Yola, ko na wata ƙasa da ba ka taɓa jin sunanta ba. Matakai uku gare ta: tagulla na sababbi, azurfa na masu ɗan hannu, zinariya na gwanaye. Tana duba matakin da ke rubuce a kan sunanka, ta jefa ka cikin tsararrakinka. In kun ci makinka ya hau, in an ci ku ya sauka. An dai bar ƙofa ɗaya: kana iya gayyato wanda ka sani ku shiga tare. Shekara biyu telan ya yi kafin ya taka zinariya, yana kuwa ji da ita fiye da kekensa na ɗinki.

Da ya ga halin da ƙanensa yake ciki, tausayi ya kama shi. Ya sa masa wasan a waya, ya nuna masa inda ake dannawa, ya koma shago.

Saurayin ya fara daga tagulla, ya kuwa sha wuya. Yau na'ura ta haɗa shi da wanda zai fice ana tsakiyar wasa, gobe da wanda jaririnsa ke tsala ihu a kunnen kowa. Sau goma ana cin su kafin su ci sau ɗaya. Amma a cikin wannan shirme akwai wasu da yake yawan gamuwa da su, wani direban tifa da wata mai sayar da katin waya, dukansu ba su iya ba. In sun faɗi sai su yi ta yi wa juna tsiya. Wata rana uwar tana tankaɗe a tsakar gida ta ji dariya daga ɗaki. Ta ajiye rariya ta yi kuka, gama rabonta da jin wannan dariyar wata takwas ke nan.

Da telan ya zo gaishe shi ran Asabar, ƙanen ya ba shi labarin yadda ake ta lallasa su. Sa'an nan ya ce, "Yaya, ka shigo mu buga tare mana. Ko sau ɗaya."

Telan ya yi lissafi a ransa. Ya san in ya shiga da sabo za a ci su, makinsa ya sauka, zinariyar shekara biyu ta fara zubewa. Bai iya cewa a'a ba, bai kuma iya cewa to ba. Sai ya sami wata dabara da ta yi masa kama da alheri. Ya ce, "Ba ni wayar kwana uku. Zan fitar da kai daga cikin waɗannan shashashun."

Ya tafi da wayar shago. Ya ture ɗinkin mutane gefe, ya yi ta bugawa da sunan ƙanensa. Gwani a cikin sababbi, wa zai tare shi? Ya tsallake tagulla, ya tsallake azurfa. A rana ta uku ya dawo yana murmushi, ya miƙa wayar, ga sunan ƙanen yana walƙiya a zinariya.

Na'ura kuwa ba ta san an yi canjin hannu ba. Abin da ke rubuce ta gani. Da saurayin ya shiga, ta jefa shi cikin gwanaye uku. Kafin ya gane inda aka dosa an gama da shi, abokansa kuma suka faɗi saboda shi. Suka hau shi da zagi. Ya sake shiga, aka haɗa shi da wasu, su ma haka. Ya nemi direban tifa da mai katin waya, amma na'ura ba ta ƙara haɗa shi da su, gama a wurinta ya fi ƙarfinsu, shi kuma bai taɓa tunanin ajiye sunayensu ba. Ga hanyar komawa ƙasa da nisa, sai an ci shi sau da yawa, kowane faɗuwa kuma da mutum uku masu tsine masa. A rana ta huɗu wani daga cikinsu ya ce masa, "Malam, ba ka da amfani a nan. Je ka kwanta."

Saurayin ya kashe wayar. Ya kira mahaifiyarsa ya ce ta ɗauke ta daga gabansa. Ta sa ta cikin kwalla ta rufe. Ya juya fuska ga bango.

Da telan ya ji, hankalinsa ya tashi. Ya buɗe sabon suna a tagulla, ya zo ran Lahadi bayan sujada ya zauna a bakin gadon, ya ce ga shi ya sauko, su fara daga farko. Ƙanen, ba tare da ya juyo ba, ya ce, "Yaya, ni ban roƙe ka zinariya ba. Cewa na yi ka zauna da ni."

To, ga fassarar misalin, ku kasa kunne. Na'urar nan duniya ce: ba ta san mutum ba, abin da aka rubuta a kansa take dubawa. Tagulla ita ce inda sabo yake koyo, inda faɗuwa ba ta kisa domin kowa yana faɗuwa. Telan kuwa, ina baƙin cikin faɗa, mu ne. Ba mugu ba ne. Yana ƙaunar ƙanensa, har ya ba shi kwana uku na aikinsa. Abu ɗaya ya hana shi, shi ne kuwa abin da aka roƙa: ya sauko a ci su tare.

Haka muke yi da sabon tuba. Mako uku da baftisma mu tura shi gaba ya bi da sujada, mu rubuta masa addu'ar a takarda, in ya yi tuntuɓe a gaban jama'a mu ce ashe bai yi ƙarfi ba. Wa ya zauna da shi ran Talata yana ta neman aya bai samu ba? Ubangijinmu bai tsaya a sama ya gyara mana suna ba. Saukowa ya yi, ya ci abinci da waɗanda ba su iya komai ba, ya kuma biya da abin da ya fi maki tsada.

Ku kuma masu wasan, maganar ta shafe ku kai tsaye. In ka kawo sabo, ka gaya masa tun farko cewa na'ura za ta haɗa shi da kowane iri, za a ci shi, ba kuwa abin kunya ba ne. Ka shiga da shi, makinka ya sauka in zai sauka. In kuma an jefo maka baƙo mai ɓata muku wasa, ka riƙe bakinka. Muryarsa kaɗai kake ji, ba ka ganin gadon da yake kwance a kai.

Telan yana zuwa kowace Lahadi har yanzu, ya zauna a bakin gadon da sabon sunansa na tagulla. Wayar tana nan cikin kwalla.