Yadda Jatau Ya Kwashe Iskar Dutse

Dalilin da ya sa mutanen kan dutse suke da faffaɗan ƙirji, mu kuma 'yan kwari da mun hau can sai haki, aikin mutum ɗaya ne. Ku matso ku ji, yara.

A da can iska iri ɗaya ce ko'ina. Wadda ake shaƙa a gindin dutse ita ake shaƙa a ƙololuwa. Wata tsohuwa da ake kira Uwar Iska ita ke raba ta da faifai kowace safiya.

A kwari akwai wani mai gari, Jatau, ga tumbi ga surutu. In ya fara magana da hantsi, sai azahar ta yi bai kai ga abin da yake son faɗi ba. Wata rana yana tsakar jawabi numfashi ya sarƙe masa, ya yi ta tari, jama'a suka yi dariya. Maimakon ya rage surutu, sai ya ce makiyayan kan dutse ne ke shanye iska tun daga sama, su bar masa ragowa.

Ya ja rago ya tafi wurin Uwar Iska. Ya ce, "Inna, ki sauko mana da mai kaurin duka. Na sama ki bar musu tsararo."

Ta ce, "Jatau, mai kaurin nan da zafi da sauro take yawo. Kuma ni in na bakace, ba na mayarwa."

Ya ce, "Bakace kawai, Inna."

Ta karɓi rago, ta bakace.

Kafin la'asar mutanen dutse sun kwanta. Ciwon kai, jiri, leɓuna suka yi baƙi, shanu suka ƙi tashi. Mutanen suka gangaro neman mafaka, Jatau ya sa aka tare hanya da ƙaya, wai iskarsa ba ta baƙi ba ce. A watan farko tsofaffi uku suka rasu.

Akwai ungozomarsu, Tambaya, mace mai lura. Ta ga masu gaggawa ne ke faɗuwa. Ta tara jama'a ta ce, "Ku ja numfashi har cibiya. Ku yi tafiya a hankali. Wanda ba shi da abin faɗi ya yi shiru."

Suka bi maganarta. Sannu a hankali jirin ya tafi, jininsu ya ƙara ja da kauri. Jariran da ta karɓa bayan haka suka taso da ƙirji kamar ganga, huhunsu kamar zugazugin maƙeri, suna tatsar iskar nan 'yar kaɗan ba sa barin komai.

Shekara ashirin ta wuce. Sauro ya gama da fatar Jatau, zafi ya hana shi sakat. Da bai ƙara jin motsi daga sama ba, ya ce ai sun mutu, bari ya je ya gaji shanun. Ya zuba babbar riga, ya sa Barmo maroƙinsa a gaba.

Barmo ya fara kirari da ƙarfi: "Jatau giwa, mai taka dutse ya rushe!" Da suka kai rabin hanya sai ya koma "Jatau... giwa... gi..." Ya nemi wuri ya zauna. Ya ce, "Ranka ya daɗe, a sauka lafiya. Ina nan."

Jatau ya ƙarasa da rarrafe. Yana leƙawa ya ga 'yan mata na tsere da tulunan ruwa a ka, suna waƙa. Tambaya, ta tsufa tukuf, tana tatsar saniya.

Ta ce, "Maraba da mai gari. Me ke tafe da kai?"

Ya buɗe baki. "Na... na..."

"Faɗi mana, ba ma sauri."

"Na... zo..."

"Mun gani. Sai me?"

Aka kewaye shi ana jiran jawabin da aka daɗe ana jin labarinsa. Ido ya juya, ya zube a kan kashin shanu.

Tambaya ta kira 'yarta Lantana ta ce, "Mayar musu da kayansu."

Lantana ta goya shi, ta ɗaure da zani, ta gangaro tana waƙa ba ta ko tsaya hutawa ba. A hanya ta riƙo hannun Barmo. Ta sauke mai gari a tsakiyar kasuwa ranar da take ci, ta ce, "In ya farfaɗo ku tambaye shi abin da ya je faɗi, mu dai ba mu ji ba."

Shi ya sa har yau ɗan dutse yake hawa da kaya a ka yana hira, ɗan kwari kuwa ya dafa gwiwa yana haki sai ya kwana biyu kafin jikinsa ya saba. Mu jikokin Jatau aka bar mu da iska mai kauri, muna sha muna marin sauro.