Yadda Dila Ya Raba wa Karnukan Cindo Abinci

Ga ta nan, ga ta nanku. Ban ji amsa ba, ni kuwa ba na yi wa kurame tatsuniya. Ta zo mu ji ta. Yauwa, haka ake yi. Kowa ya naɗe ƙafarsa.

A wani gari an yi wani mahauci ana ce masa Cindo. Yana da karnuka biyu masu gadin gida. Babban sunansa Duna, baƙi ne, ya tsufa har bakinsa ya yi furfura. Ƙaramin kuwa Tsagera, ja ne, ƙarfi ya yi masa yawa, hankali ya yi masa kaɗan. Kullum bayan la'asar in Cindo ya dawo daga mahauta, sai ya zuba musu ƙashi da guntayen tumbi da ƙanzon tuwo a kasko ɗaya, ya ajiye a tsakar gida.

To, kasko ɗaya, baki biyu. Duna ya ce shi ne babba, babba ke fara sa baki. Tsagera ya ce shi ke kwana haushi tsoho na minshari, don haka shi ya kamata ya fara. Wannan ya yi gurnani, wancan ya yi gurnani, sai kokawa. Kasko ya kife, kaji su kwashi rabonsu, su kuwa su tashi da yagaggen kunne da ciki wayam. Cindo ya gwada sanda, ya gwada watsa musu ruwa, duk a banza. Ran nan ya shiga tsakani da ƙafarsa, Tsagera ya kai wa Duna cizo, ya samu ƙaurin maigida. Cindo ya riƙe ƙafa ya rantse cewa in ya sake jin ko da gurnani ne, duka biyun zai ba 'yan farauta, su je can inda babu kasko, sai ƙaya da gudu.

Ashe duk abin nan Dila na bayan katanga, kunnensa a bakin rariya, wato kafar da ruwan wanke-wanke ke bi ya fita waje. A lokacin Dila siriri ne kamar sillen kara, yunwa ta gama da shi a daji. Washegari da aka ajiye kasko, Cindo ya shige ɗaki yana ɗingishi, sai Dila ya sulalo ta rariya ya yi sallama. Ya kira Duna Yaya, ya kira Tsagera ƙanena. Ya ce ai kakarsu ɗaya, zumunci ne ya kawo shi, don labarin rantsuwar Cindo ya kai har daji, shi kuwa tun da ya ji bai iya runtsawa ba.

Karnuka na tsaye a kan kasko, yawu na zuba, kowa na tsoron ya yi gurnani. Duna ya tambaye shi ko yana da magani.

Dila ya ce, "Yaya, ai ba baki ke faɗa ba, ido ne. Ido ya ga na wani, zuciya ta ɗauki zafi. A gidajen manya na uku ke rabo, masu ci su juya baya. Kai ka fuskanci bangon gabas, ƙanena ya fuskanci na yamma. In na ce ido bango, wutsiya kasko, kada wanda ya waiwayo sai na kawo masa nasa."

Suka yarda. Ido bango, wutsiya kasko. Dila ya sunkuya ya cinye tumbi, ya tsince ƙanzo mai maiƙo, ya lashe romo. Ya ɗauki ƙashi ɗaya ya kai wa Duna gindin bango, ya raɗa masa cewa babban rabo ya ba shi saboda girma, amma ya yi shiru kada yaro ya ji haushi. Ya kai wa Tsagera ɗayan, ya raɗa masa cewa babban rabo ya ba shi saboda shi ke aikin, amma ya yi shiru kada tsoho ya ji kunya. Kowa ya gwigwiyi ƙashinsa yana kaɗa wutsiya, yana tausayin ɗan'uwansa.

Gobe haka, jibi haka. Ido bango, wutsiya kasko. Gida ya yi tsit, har Cindo na faɗa wa abokan fawa cewa kare ma ya san rantsuwa. Haƙarƙarin karnuka ya fito fili kamar kwando. Dila kuwa wuya ya yi kauri, gashi na sheƙi, in zai shiga rariya sai ya riƙe numfashi. Da mai hankali ne da ya rage ci. Dila bai rage ba.

Ana nan sai jajibirin salla ya zo. Cindo ya yi yanka da yawa, kasko ya cika ya tumbatsa, har da kitse da hanji. Ido bango, wutsiya kasko. Dila ya ci, ya ci, ya ƙara. Da ya ɗago kai sai ya ga bai bar ko ƙashin da zai rufe musu baki ba. Ya lallaɓa ya nufi rariya. Kai ya fita, kafaɗa ta fita, ciki ya ce bai san zance ba. Ya ja gaba, ina. Ya ja baya, ina.

Tsagera ya gaji da kallon bango, ya waiwaya. Ga kasko tas kamar an wanke, ga gindin Dila cike da rariya, ƙafafu na wutsil-wutsil. Ya kira Duna. Tsoho ya ce kada a yi gaggawa, wataƙila ɗan'uwa ya tafi nemo masa babban rabonsa da ya saba ba shi. Tsagera ya ce wane babban rabo, ai shi ake ba. Suka dubi juna, suka dubi haƙarƙarin juna. Tun da aka haɗa su a gidan nan ba su taɓa tafiya kafaɗa da kafaɗa ba sai ran nan.

Dila ya ji numfashinsu a wutsiyarsa. Ya kuma ji Cindo can bakin rijiya yana wanke daron kitse, ya san ruwan nan ta kwata zai biyo. Ɗan lokaci kawai yake bukata.

Daga bayan katanga ya ce, "Na ci amana, ku cinye ni, halal ɗinku. Sai dai cinyoyin nan biyu, ɗaya ta fi ɗaya kitse. Wa zai ɗauki mai kitsen?"

Duna ya ce babba ke zaɓe. Tsagera ya ce shi ya fara ganin ɓarawo. Leɓe ya ɗaga, haƙora suka fito, gurnani ya taso har maƙogwaro, sai suka tuna da 'yan farauta, suka haɗiye shi da ƙyar.

Dila ya ce, "Kun gani ko? Ido ne. Ni na san cinyata, ni zan raba muku. Ido bango, wutsiya kasko."

Sabo turken wawa. Kafin su yi tunani, ƙafafunsu sun kai su, wannan gabas, wancan yamma.

Cindo ya tuntsurar da daro. Ruwan kitse mai ɗumi ya biyo kwata, ya taru a bayan Dila, ya jiƙa shi sharkaf. Dila ya fitar da numfashi, ya murɗa, ya murɗa, sai sulɓ. Ya bar rabin gashin gindinsa a bakin rariya, ya yi daji yana tsiyaya.

Cindo ya zo ganin abin da ya tare ruwa, sai ƙarshen wutsiya ya gani yana ɓacewa. Ya dubi gashin, ya dubi kasko, ya dubi karnukansa biyu, kowa ya kafa wa bango hanci yana jiran a kawo masa cinya. Ya riƙe haɓa. Ya ce ɓarawon nan ya cuce shi nama, amma ya bar masa dabara. Rantsuwa kuwa ba ta kama kowa ba, tun da ko gurnani bai ji ba.

Washegari ya gitta ƙarfe a bakin rariya, ya sayo kasko na biyu. Ɗaya gindin bangon gabas, ɗaya gindin na yamma, a fara ajiye wa Duna, sannan Tsagera. Kowa ya ci nasa ya ba ɗan'uwansa baya, har haƙarƙari ya koma ciki. Sai dai har yau in sun ƙoshi sun kwanta a inuwa, Tsagera kan tambaya wai wace cinyar ce ta fi kitse. Duna ya ce ko wacce ce, ai tasa ce. Daga nan sai kowa ya tashi ya koma bangonsa.

Ƙurunƙus kan dila mai saɓaɓɓen gindi. Wanda zai yi sata ta rariya, ya auna cikinsa kafin ya auna kasko. Ku kuma da kuke kai wa juna duka a kan loma ɗaya, gidan nan ma yana da bango gabas da yamma.