Belin Da Aka Yanke Wa Haulatu

Akwai wani ɗan kasuwar hatsi a Dutsi mai suna Harisu. Mutum ne mai riƙon iyali, ba ya barin gidansa da yunwa. Halinsa guda ne ke ba mutane wahala: in ya faɗi magana, to an gama.

Matarsa Haulatu ta ɗauki watanni tana ramewa. Tana cin abinci sosai, amma kullum zani ƙara zagaye ta yake. Gabanta na faɗuwa ba dalili, hannunta na rawa, zufa kuwa ko a inuwa. Ga wuyanta ya ɗan tasa.

An sha rubutu, an yi hayaƙi. Da abu ya ƙi, Harisu ya kai ta asibiti a Daura.

Bayan an auna jini, likita ya ce maƙoƙo ne, irin wanda ƙwayar wuya ke aiki fiye da ƙima har tana ƙona jiki. Ya rubuta magani, sannan ya dube su duka biyun.

"Maganin nan yana da kyau. Amma akwai tsirarun mutanen da yake karya wa sojojin jini masu yaƙar cuta. In kin ji ciwon maƙogwaro, ko zazzaɓi, ko ƙuraje a baki, ki dakatar da shi, a zo a auna jini. A ranar fa, Malam, ba washegari ba."

Suna fitowa Harisu ya yi tsaki. "Likitoci da tsoratarwa! In ba su haɗa maka da mutuwa ba, gani suke ba su yi aiki ba."

Magani ya karɓi Haulatu. Rawar hannu ta lafa, kumatu suka fara dawowa, har ta koma yin ƙosan safe da ta daina.

Sai wata safiya da kaka, lokacin da kasuwar gero ta buɗe, ta tashi jiki zafi rau. Ko koko ya ƙi wucewa.

"Baban Fadila," ta ce da ƙyar, "abin da likitan nan ya faɗa ne. Mu je Daura."

Ya haska bakinta da fitilar waya. "Daura kuma? Beli ne, ga shi nan ya sauko ya yi jawur. Ni ma an cire min, an cire wa Inna, wa ya mutu?"

"To bari in ajiye maganin, kamar yadda ya ce."

"Maganin da ya dawo miki da jikinki? Ke dai ba kya son lafiya. Sha ina gani."

Ta dube shi, ta sha. Ba ta saba musu da shi ba.

Da hantsi Munzali wanzami ya iso da zabirarsa, yana zolaya tun daga zaure.

"Harisu sarkin tauri, yau ka nemi talakanka? Ka tuna ihun da ka yi ranar da na cire naka?"

"Kai dai yi aikinka, kasuwa na jira na."

Munzali ya danne harshe, ya sa ƙarfe, ya yanke. Haulatu ta tofar da jini a kasko, hawaye na bin fuskarta. Aka ce ta riƙa shan ruwan ɗumi, gobe sai labari. Harisu ya hau babur ya tafi awon gero, ransa fes.

Gobe ta zo, babu sauƙi. Wurin yankan ya kumbura, baki ya feso da ƙuraje, makyarkyata har gadon na motsi. Haɗiya ta gagara gaba ɗaya.

Shi kuwa Harisu, tun da ya ga maganin nan ya taɓa tashin ta, sai ya ƙara riƙe shi. Yakan daka ƙwayar a cokali, ya jiƙa, ya tallabo kanta ya ɗura mata a hankali.

"Daure, Haule. Daure."

Sai ranar da ya kira sunanta ta dube shi ba ta gane shi ba, sannan ya nemi mota zuwa asibitin Daura.

Da sakamakon jini ya fito, likita ya tambaya, "Yaushe rabonta da maganin?"

"Ɗazu da safe. Ni na ba ta da hannuna."

Likita bai yi faɗa ba. Ya ce sojojin jininta sun kusa ƙarewa, yankan kuma ya buɗe wa cuta ƙofa, ta shiga jini. Za su yi iya yinsu, amma sai an wuce Katsina.

An wuce. Haulatu ba ta dawo da ranta ba.

A zaman makoki mutane suka cika ƙofar gida. Kowa ya zo sai ya dafa kafaɗarsa.

"Ka yi ƙoƙari, Harisu. Asibiti ka kai, wanzami ka kira, magani ba ka bari ya yi fashi ba. Kwana ne ya ƙare."

Har yayan Haulatu ya riƙe hannunsa yana kuka, yana cewa Allah ya saka da alheri.

Harisu ya amsa da amin, kansa a ƙasa. Babu wanda ya zarge shi. Duk garin nan mutum biyu ne suka san ta ce a je Daura, kuma an binne ɗaya.

Darasi: Rai na Allah ne, amma an umarce mu da bin sababi. Mai shan maganin maƙoƙo ya sha yadda likita ya tsara, kada ya ƙara ko ya rage da kansa. In ciwon maƙogwaro, zazzaɓi ko ƙurajen baki suka zo, a dakatar, a je a auna jini a ranar, ba wurin wanzami ko kemis ba. Kai kuma maigida, in mara lafiya ya faɗi abin da likita ya ce, ka ajiye girman kai ka saurara. Ku tura wa 'yan uwa, wataƙila akwai gidan da ake shan maganin nan ba a san wannan ba.