Damin Farko na Gonar Sila

Ku gyara zama, ku masu cewa in mutum ya yi ritaya sai kujera da rediyo har ranar da za a kira shi. Yau na kawo muku abin gardama, ni kuwa in koma gefe in sha kununa.

A garin Tudun Kanya, bakin wani kogi, akwai tsofaffi uku 'yan ikilisiya ɗaya da suka ajiye aikin gwamnati kusan lokaci guda. Akwai Malam Filibus, tsohon hedimasta, da Baba Istifanus na jirgin ƙasa, sai Mama Afiniki mai buga tafireta a ofishin ƙaramar hukuma. Duk Laraba sukan yi addu'a tare a gindin dalbejiyar majami'a. Wata rana bayan sun ce amin, Malam Filibus ya ce, "Gwamnati ce ta sallame mu. Ni ban ji Ubangiji ya ce ya sallame mu ba." Nan suka yi alkawari kowa zai roƙi Allah ya nuna masa abin da bai taɓa yi ba, wanda zai amfani wani, kuma in an nuna masa kada ya fake da tsufa.

Malam Filibus shekara talatin da biyar ya yi da bulala a hannu, rabin garin ya ɗanɗana ta. To, akwai wani manomi mai suna Sila, ba ya ji, ba ya magana. Shekara ashirin yana zama a bencin baya a majami'a, in an tashi ya tashi, in an zauna ya zauna, bai taɓa sanin abin da ake wa'azi a kai ba. Sai hedimasta ya ɗauki tabarma ya tafi gidan wannan mutum da bai taɓa shiga aji ba, ya zauna a ƙasa ya zama ɗalibinsa a maganar hannu. In ya yi kuskure Sila ya buge masa yatsu, tsofaffin ɗalibansa kuwa suka ce alhakinsu ne ya fara kama shi. Bayan shekara guda ya soma tsayawa gefen fasto yana mayar da wa'azi da hannu. Lahadin farko Sila ya yi kuka har aka tashi.

Baba Istifanus kuma ba abin da yake tsoro a duniya kamar ruwa, domin a gabansa kogin nan ya ci ƙanensa suna yara. Amma ya lura duk damina in ruwa ya shanye 'yar gadar garin, mutanen hayi sukan yi wata biyu ba mai duba marasa lafiyarsu. Ya je wurin wani masunci, Malam Tanimu, ya ce ya koya masa iyo da tuƙin kwalekwale. Ya sha ruwan kogin nan har ya ƙoshi. Matarsa ta ce tsofai-tsofai da shi zai mayar da ita gwauruwa a banza, shi dai bai fasa ba.

Ita Mama Afiniki mijinta ya rasu ya bar mata tsohuwar akori-kura, kaji har sun mayar da ita akurki. 'Ya'yanta suka ce a sayar, ta ce a gyara. Tana da shekara sittin da huɗu ta shiga koyon tuƙi, a makon farko ta kwantar da dangar fasto, ta tattake masa kabewa. Wasu a zumuntar mata suka ce wannan zubar da girma ne. Su ɗin dai daga baya ita ke kai su asibiti in ciwon ƙafa ya motsa.

Ana nan, wata Alhamis cikin Agusta, ranar kasuwar garin da ke gaba, samari da baburansu duk sun tafi, Malam Tanimu ma ya kai kifi. Sai ga Sila a guje, a jiƙe sharkaf, ya yi iyo daga gonarsa da ke hayi. Ya faɗi a ƙofar majami'a yana ta nuni da hannu yana dukan ƙasa. Jama'a suka taru. Wasu suka ce shanu ne suka shiga gonarsa, har an fara neman sanduna, wasu suka ce abin sha ne ya yi masa yawa. Malam Filibus ya ratsa taron ya durƙusa a gabansa, cikin ƙiftawar ido ya miƙe ya ce kububuwa ce ta sari Damaris matar Sila a ƙafa, tana kwance a bukkar gona, jini ya fara fita ta dasashinta.

Kogin ya cika ya batse, Baba Istifanus bai taɓa shiga shi a haka ba, kuma mashigin gonar shi ne daidai inda ƙanensa ya nutse. Duk da haka ya sauka gaɓa. Ya ce, "Ya Yesu, hannuna ne, amma kai za ka tuƙa." Ya tura kwalekwalen shi da Sila. Ruwa ya ja su ƙasa, ya dawo da su, ya sake ja, har suka taɓa hayi. Baba Istifanus ya dawo da Damaris kwance a kwalekwalen, ko ɗigon ruwa bai hau kanta ba.

Asibitin da ke da allurar saran maciji yana da nisa, hanyar kuwa ta zama taɓo, manyan direbobi ma sun daina bi. Mama Afiniki ta ɗaure ɗankwali, ta sa aka shimfiɗa katifa a baya, ta kama sitiyari tana rera waƙar sujada da muryar da ba a taɓa yarda ta shiga ƙungiyar mawaƙa ba. Sau biyu motar na kafewa tana fitar da ita. Likita ya ce da sun ƙara awa guda, da gawa suka kawo. Damaris ta yi kwana tara, ta dawo gida da ƙafarta.

Ni dai ina jinjina wa mutanen nan, domin a shekarun da tsaransu ke ƙirga ciwon gwiwa, su suka yarda aka yi musu dariya.

To, a ikilisiyar nan akwai al'ada. Ranar godiyar kaka kowane gida yakan kawo damin dawarsa na farko, mutum ɗaya ne ke ɗaukarsa daga ƙofa zuwa gaban bagade, kuma maigida kan miƙa shi ga wanda ya fi girmamawa a shekarar. Sila ya ajiye nasa a ƙofa ya yi magana da hannu, Malam Filibus ya fassara yana sunkuyar da kai, wai wanda ya ceci matarsa shi zai ɗauka. Hedimasta ya ce ba shi ba ne, da ba kwalekwale da fahimtarsa ta ƙare a bakin ruwa. Baba Istifanus ya ce shi gaɓa kawai ya kawo ta, a can da ta cika in ba mota. Mama Afiniki ta ce wa za ta ɗauka in ba a gane zancen ba, ba a kuma haye ba? Mawaƙa suka maimaita waƙa sau uku, dami na nan kwance, Damaris na tsaye kusa da shi tana share hawaye.

Kada wani ya ce mini Allah ne ya cece ta. Wannan duk mun sani, su ukun ma sun riga ku faɗa. Amma dami ba ya tashi da kansa. Wanda ya ajiye girmansa, da wanda ya shiga ruwan da ya ci ɗan'uwansa, da wadda ta toshe kunne ga surutun gari: wa za ku ɗora wa damin Sila a ka?