Kunnen Baba Issoufou da Tsutsar Dabino

Akwai wani bawan Allah a Madina mai suna Badaru, jikan alhazan da suka zo da ƙafa daga ƙasar Hausa. A 1984 ya gaji gonar dabino kusa da Uhudu. Ya gaje ta har da tsohon da ke kula da ita, Baba Issoufou.

Tsohon nan yana da wata ɗabi'a. Sai ya manna kunne a jikin dabino ya yi shiru, wai yana jin tsutsar da ke cin itacen ta ciki. Badaru kuwa ma'aikacin filin jirgi ne, gani yake ya fi ƙarfin wannan ƙauyancin.

Wata safiya tsohon ya nuna babbar bishiyar da mahaifiyar Badaru ta dasa.

"Ɗana, wannan ta kamu. A sare ta a ƙone, kafin ta shafa wa sauran."

"Ya ammi, baffana, ganyenta kore shar! Ta ummi ce za ka sare? Halas, ya isa haka, ka tsufa, je ka huta."

Tsohon ya ɗauki igiyarsa ta hawan dabino ya fita.

Ba a shekara biyu ba bishiyar ta faɗi da kanta, cikinta duk gari. Wasu suka bi ta. Tsoro ya kama Badaru, ya sa aka sare duk abin da ya rage aka cinna wuta, don kada tsutsar ta tsallaka gonar maƙwabta. Ranar ya yi kuka kamar ƙaramin yaro.

Bayan mako guda ya nufi gidan tsohon a unguwar Anbariyya neman gafara. Matar tsohon, Zinariya, ce ta yi masa magana ta bayan ƙofa.

"Ai malam ya rasu, yau kwana tara. Duk Juma'a idan kana masallaci da wuri, sai ya biya gonar ya saurari bishiyoyin kafin ya wuce. Da ciwo ya kwantar da shi ya ce in ka zo in gaya maka, bishiyoyi goma sha biyun da ke bakin rijiya lafiyarsu ƙalau. Kada ka taɓa su."

Badaru ya zauna a ƙasa dirshan. Su ne na ƙarshe da ya sa aka sare.

Darasi: Kada girman kai ya sa ka raina wanda ya tsufa a kan sana'arsa. Ka saurare shi, ka nemi afuwarsa tun yana raye. Ku tura wa 'yan'uwa su ma su amfana.