Ramin da Nekruz Ya Huda a Rufin Gidansu

Shekara bakwai Nekruz ya yi a Rasha, da ya dawo ƙauyensu na cikin duwatsun Pamir sai ya tarar abubuwa ba su jira shi ba. Gadar katako ta kan kogi ta zama ta ƙarfe. Tsohon da ke niƙa musu alkama ya rasu. An sare bishiyar tut, mai ƙananan 'ya'ya masu zaƙi, ta ƙofar gidansu. Samarin da suka taso tare duk sun tafi neman aiki, ƙauye ya koma na tsofaffi da mata. An jawo layin intanet har bakin hanya, amma sai mutum ya fita cikin sanyi ya tsaya gindin falwaya kafin ya ji muryar ɗansa. Abin da bai canza ba shi ne gidan da mahaifinsa ya gina kafin ya rasu, mai ginshiƙai biyar da rufin laka, inda mahaifiyarsa Gulbegim take zaune ita kaɗai.

Nekruz ya iya aikinsa, ba a ƙwace masa wannan. Kafa na'urorin intanet a kan dogayen benaye ya koya a can. Aibinsa shi ne gaggawa, ga raina duk abin da ba a ƙasar waje ya koyo shi ba.

Ya zo da wata farar na'ura a jakarsa, irin wadda ake kafawa a waje ta watsa sabis ga unguwa guda. Ya sa aka jawo masa layi zuwa gidansu. Kwana huɗu da dawowarsa ya hau rufi da bututun ƙarfe da injin huda.

Kawunsa Kurbonsho, tsohon maginin da ya daɓe rabin rufin ƙauyen, ya ɗaga kai daga tsakar gida.

"Kai ɗan Rasha, me kake nema a kan gidan ƙanwata?"

"Duniya nake kawo muku, Kawu."

"Ta rufi duniyar take shigowa? Gidan ba shi da ƙofa ne?"

Nekruz ya yi dariya. Ya ce na'urar tana son tudu, kuma zai huda laka har ya kai gungumen da ke ɗauke da rufin, ya ɗaure bututun a jikinsa da ƙusa mai kauri.

Fuskar tsohon ta canza. "Sauko. Rufin nan ba a huda shi, ko tsinke ba a soka masa. Itace ne, da rassa, da ciyawa, da laka. Ruwa ya sami hanya sau ɗaya, an gama. Ga dogon itace a bayan gida, mu kafa shi a tsakar gida mu tokare da duwatsu. Kwana biyu ya ishe mu."

"Kwana biyu! Kawu, a can kafin shayi ya huce na kafa uku."

"A can siminti kake hudawa."

"To ai huda huda ce. Ku dai kun saba da wahala ne."

Kurbonsho ya juya ya fita.

Nekruz ya huda laka, ya huda gungumen, ya tsayar da bututu, ya ɗaure na'urar a kansa. Ya san ƙa'ida sarai: ana lanƙwasa wayar da ta fito daga na'urar ta yi ƙasa don ruwa ya ɗige a waje, sannan a shigar da ita ta katanga. Amma hakan zai ci lokaci. Sai ya zura ta kai tsaye ta ramin bututun, ya shafe bakin da roba mai danƙo, wadda ke kama siminti amma ba ta kama laka. Ya sauko ya jona wayar, fitila ta yi kore. Ya buɗe wayarsa ta hannu ya zaɓi lambar sirri, da aka zo sa wa sabis ɗin suna kuwa sai ya rubuta sunansa.

Ranar an yi murna. Maƙwabciyarsu Savribegim ta ga fuskar jikarta a karo na farko, ta dinga sumbatar gilashin waya.

"Gulbegim, ɗan naki nan aljani ne! Da ina da sauran 'ya da na ba shi."

"Ki ba shi kujera ya zauna wuri ɗaya, ta fi masa amfani," in ji Gulbegim, amma bakinta ya ƙi rufuwa.

Daga nan ɗakin Gulbegim ya zama majalisar mata. Ga murhu, ga shayin madara mai gishiri, ga sabis ya fi ƙarfi a nan.

Sai dusar ƙanƙara ta sauka. A ƙauyen, da ta tsaya kowa yake hawa rufinsa da shebur na katako ya kwashe ta tas, kafin rana ta narkar da ita cikin laka. Gulbegim ta ɗauki nata sheburin, Nekruz ya tare ta.

"Inna, kada ki je kusa da bututun nan, za ki tsinka min waya. Ni zan kwashe wurin."

Bai kwashe ba. Ƙauyukan kusa sun ji labarinsa, kullum yana can ana kiransa gwani. Dusa ta sauka sau uku, ta taru kewaye da bututun ta kai gwiwa.

"Nekruz, ruwa na ɗiga ta wurin wayarka," in ji mahaifiyarsa wata safiya.

"Sa kwano, Inna. Gobe zan duba."

Washegari rana ta fito da ƙarfi. Da tsakar rana mata huɗu suna ciki, Savribegim na magana da 'yarta ta bidiyo a waya. Nekruz yana tsakar gida yana duba ƙarfin sabis a wayarsa. Sai ya ga sunansa ya ɓace daga gilashin. Kafin ya ɗaga kai ya ji ƙara kamar an harba bindiga, ƙasa ta girgiza. Ya juya. Inda bututun yake babu komai sai rami, ƙura da dusa suna tashi.

Ya tsaya kamar an dasa shi. Sai wani maƙwabci ya ƙwala ihu:

"Innalillahi! Gidan Gulbegim! Ku fito!"

Tsofaffi suka zo da gudu, aka shiga tono da hannu. Lakar jiƙaƙƙiya ce, nauyi kamar dutse. Aka zaro mata uku da raunuka, Savribegim jini na zuba a goshinta, tana ta ihun 'yarta ta ga komai, ta ga rufi yana saukowa. Gulbegim ce ta ƙarshe. Gungumen yana kan ƙafarta, ya karya ta wuri biyu. Da ta buɗe ido ta ga ɗanta, abin da ta fara cewa shi ne, "Ba ka ji ciwo ba ko?"

Kurbonsho bai zage shi ba. Ya kamo hannunsa kawai ya ɗora a kan gungumen. A daidai ramin ƙusar ne gungumen ya tsage.

Da sanyi ya wuce aka sake rufin, Nekruz na ɗaukar laka, kawunsa na daɓewa. Sannan suka kafa dogon itacen nan a tsakar gida, suka tokare da duwatsu. Ya lanƙwasa waya ta yi ƙasa, ya shigar da ita ta katanga, ya binne wayar kariya daga tsawa. Kwana biyu aikin ya ci. Sabis ɗin ya ma fi na da nisa.

Amma Gulbegim ba ta sake tafiya babu sanda ba. Duk safiya ƙarar sandar a kan daɓe take tashin Nekruz, har zaman ƙauyen ya gagare shi. Ya sauko da jakarsa ya fara ninke kaya. Mahaifiyarsa ta shigo tana ɗingishi, ta cusa ƙullin busasshen tut a gefen jakar.

"Inna, in kin ce in zauna zan zauna."

"Kai da zama? Tafi abinka. Ka dinga kira dai, tunda ka kawo mana abin kiran." Ta dubi sama. "Baɗi kawunka zai sa a kwashe min dusa. Ni da hawa rufi kuma sai dai in gani."

Nekruz ya sunkuyar da kai, ya ja zif ɗin jakar.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, ilimin da mutum ya koyo a waje ba ya soke ilimin waɗanda ya tarar a gida. Nekruz ya san na'urarsa, kawunsa ya san rufinsa, kuma aikin yana bukatar su biyun. Duk wanda ya ƙi sauraron masu wuri, ya tsallake ƙa'idar da ya sani don gaggawa, ya tuna ba lallai shi ne zai ɗauki sakamakon ba. Kwana biyu Nekruz ya ƙi bayarwa, mahaifiyarsa ce ta rasa lafiyar ƙafarta.