Kwikwiyon Farar Ƙafa

"To, a cikinmu wa za a ba kwikwiyon?" Tambayar da Hurera ta jiyo ke nan ta bayan labule tana tsince shinkafa, abokan mijinta uku na zaune a tabarma ƙofar ɗaki kamar yadda suka saba duk Asabar. Ku gyara zama ku ji mafarin maganar.

Hurera da mijinta Isiyaku mai faci suna haya a Kafanchan, a gidan Alhaji Mamuda. Suna da karya, Farar Ƙafa, mai gadin shago. Ran nan ta tsinke igiya ta faɗa wa talotalon Alhaji, ta kashe huɗu, ta fasa gilashin taga garin bin na biyar. Alhaji ya ce ko a biya shi, ko su kwashe kayansu su da karyarsu. Isiyaku kuwa ba shi da abin biya.

Na farko a abokan shi ne Danjuma, ma'aikacin wani kamfanin inshora. Tun bara ya addabi Isiyaku a kan ya yi inshorar 'yan haya, wadda ke biyan ɓarnar da karen mutum ya yi. Isiyaku ya sa hannu ne kawai don ya huta da nacinsa.

Na biyu Bulus, na asibitin dabbobi. Kamfani ya ce ba ya biya sai da katin rigakafin haukan kare. Bulus ne ya taɓa ɗaukar Farar Ƙafa a babur, tana yage masa riga, ya yi mata allurar, ya ajiye katin a wurinsa.

Na uku Malam Shehu tela. Kamfani na bukatar mako biyu, Alhaji kuwa kwana uku ya bayar, har ya nemo sabon ɗan haya. Malam Shehu ya riƙa zuwa wurin Alhaji da goro kullum yana yabon marigayan talotalon nan, ƙibarsu da tafiyarsu ta ƙasaita, har dariya ta ƙwace wa Alhaji ya ce zai jira.

Kamfani ya biya, zama ya ɗore. Ba a jima ba Farar Ƙafa ta haihu, ɗa guda tak. Cikin murna Isiyaku ya ce kwikwiyon na wanda ya cece su ne.

"Ba don ni ba, wa zai biya?" in ji Danjuma.

"Kamfaninku mai wayon tsiya, sai da ya ga katina," in ji Bulus.

Malam Shehu ya ce, "Ku yi ta takardunku, ba don ni ba da a bakin titi kuɗin zai tarar da su."

Akwai abin da su ukun ba su sani ba. Kamfani ya nemi takardar inshorar ta asali. Isiyaku ya birkice ɗaki yana nema, sai ga ta ƙarƙashin matashi, ya yi ta hamdala. Ya manta cewa da hannunsa ya haɗa ta da tsofaffin takardu ya ba Hurera ta hura gawayi. Ita a aji huɗu ta tsaya, Turancin ciki ya fi ƙarfinta. Amma ta ga hatimi, kuma ta tuna cewa da hannu biyu Danjuma ya miƙo ta. Sai ta adana ta a ƙasan kwalla, ranar nema ta tura ta ƙarƙashin matashi.

Hurera ta kai hannu ga labule, ta tsaya. In ta yi magana, maigidanta zai ji kunya a gaban abokansa. In ta yi shiru, za su yi ta musu duk Asabar, kwikwiyon kuwa ga shi nan yana barci a kan ƙafarta, yana ƙara girma a hannunta. Ta saki labule ta koma kan shinkafarta, ta ƙudurta ba wanda zai ji daga bakinta.

To, ku da kuka ji abin da su ba su ji ba, wa ya fi cancanta da kwikwiyon nan: Danjuma, Bulus, Malam Shehu, ko mai tsince shinkafa?